Zuwa Kamaru da Ungozoma Mai Tsoron Jini

Tun da muka dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Mace za ta shigo shagona a Sabon Layi ta ce atamfa take so, in zazzage mata rabin kanta, ta juya wannan ta shafa waccan, can sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Adda Dija, wai me ya faru tsakaninki da Sista Kuve a can?" Ta sha labari ta tafi, ko ɗankwali ba ta saya ba. Na gaji da ninke kaya a banza. Ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya, wadda za ta zo shago daga yau ta zo da niyyar ciniki.

Ga wanda bai san ta ba, in akwai shi a Mubi, Sista Kuve ungozoma ce a wani asibiti a cikin gari, 'yar Michika, maƙwabciyata katanga ɗaya. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, har da nawa. Matsalarta guda ce, bakinta bai iya cewa a'a ba. A ɗakin haihuwarsu su uku ne manya. Akwai wata mai faɗa, wadda in ranta ya ɓaci take juye shi a kan duk wanda ke kusa, ta ɗau jaka ta tafi gida wasai. Akwai wata mai sanyin jiki, wadda ko rufin ɗakin ne ya faɗo sai ta ƙarasa shayinta. Sai Kuve, mai haɗiye komai ta ce ba komai. Mai biki ta bar mata duti, wato aikinta na ranar, mai zuwa ta'aziyya ta bar mata duti. Ranar Kirsimeti ta tsaya wai don ƙananan ma'aikata su je gida, ranar Sallah ta tsaya wai ai ba Sallarta ba ce. In ta taso, aikin ya biyo ta. Ko cefane ta je sai wata ta kwance goyo ta ce a duba mata wannan ƙurjin. Kowa yana yabon juriyarta, ana cewa ƙarfe ce. Ni ma na sha faɗin haka.

Sannu a hankali ta daina dariya, ta daina zuwa waƙar zumuntar mata a cocinsu. Wata rana da yamma na ji ƙauri, na leƙa ta katanga, na gan ta zaune gaban murhu tuwo yana ƙonewa tana kallonsa. Na zagaya na sauke tukunyar.

"Adda," ta ce, "yau na karɓi yarinya, ƙatuwa, lafiyayya. Ta tsala kuka, uwar tana hawayen murna, kaka tana guɗa a waje. Ni ban ji komai ba. Agogo na duba. Na daɗe a haka, ban dai faɗa wa kowa ba ne. Ƙarshen wata zan ajiye aikin in bi Baban Tizhe gona a Vimtim."

Baban Tizhe mijinta ne, malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma noman gyaɗa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na san Kuve tun tana amarya, na san aikin nan shi ne ranta, in ta bar shi a wannan hali ba za ta sake zama mutum ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, 'yata Walida tana da ƙaramin ciki, ban shirya miƙa ta ga mai faɗa ko mai shayi ba.

Asibitin sun ba ta hutun da ta daɗe tana tarawa ba ta ci ba, amma hutu a Mubi ga mace irin Kuve wani aikin ne, don ƙofarta ba za ta yini a rufe ba. Ni kuwa lokacin sarin kayana ya yi, kuma ina da goggo, ƙanwar babana, a wani ƙauye a Kamaru kafin a kai Garwa, inda nake sauka duk zuwa. Na ce ta shirya mu tafi tare, in mun dawo tana nan a kan bakanta, ni da kaina zan raka ta Vimtim. Sharaɗina ɗaya: daga tasha har mu dawo babu Sista. Ita 'yar kasuwa ce, tana koyon sarin atamfa a wurina.

"Ƙarya fa ke nan, Adda."

"Ke dai yi shiru, ni zan yi ƙaryar. Shekarata nawa ina rantsuwa zane ba ya zuba?"

Da sassafe na lulluɓe ta da wani ƙaton mayafina, 'yar coci ta koma kamar mai takaba, muka nufi tashar motocin Belel. Direban, wani siriri da tsinke a baki, yana ta ihu, "Mota ya cika, saura mutum ɗaya!" alhali daga mu sai buhun albasa a ciki. Muka zauna har rana ta fara cizo. Da Allah ya tashi jarraba ni, wadda ta cike motar mai tsohon ciki ce, aka cusa ta gefen Kuve.

Ba mu fita gari ba na ga idon Kuve ya sauka a kan ƙafar matar. Na zungure ta, ta ɗauke kai ta kalli taga. Jim kaɗan sai ga ɗan yatsanta yana tafiya a hankali, ya je ya danna idon sawun baiwar Allah, ya ɗaga, tana duba ko wurin zai lotsa.

"Lafiya?" in ji matar.

"Zanenki take dubawa," na ce. "'Yar kasuwa ce, ba ta ganin atamfa ta ƙyale."

"A ƙafa?"

"Sabuwar shiga ce."

Kuve ta daure har Maiha, inda matar za ta sauka. Tana sa ƙafa a ƙasa Kuve ta zura kai ta taga ta ce, "Ki rage gishiri, kuma gobe-goben nan ki je a auna jininki!" Muka bar matar tsaye baki buɗe.

Wayarta ma ba ta bar mu mun sha iska ba. Wannan ta kira tana neman makullin kabad, waccan ta kira ta ce surukarta ba lafiya, ko Sista za ta riƙe mata dutin jibi. Da kunnena na ji Kuve ta fara cewa, "To, bari in ga ko zan iya dawowa..." Na fizge wayar na kashe, na cusa ta tsakiyar ƙullin daddawar da zan kai wa Goggo tsaraba. Har yau in ta kara ta a kunne sai ta yamutsa fuska.

Bayan Maiha motar ta fara hayaƙi. Direba ya gangara gindin wata tsamiya, ya buɗe gaba, ya shimfiɗa kwali ya kwanta abinsa. Fasinja suka hau shi da faɗa, ya ce, "Mota ya yi zafi. In na tura shi yanzu, zai mutu a hanya mu kwana a daji. A bar shi ya huce." Na juya in ce wa Kuve ta ji fa, sai na ga wurinta wayam. Can na hango ta da jarka a kai, mayafina yana jan ƙasa, ta nufi rafi ɗebo wa motar ruwa. Maza biyar suna zaune a inuwa suna yi mata sannu.

A Belel muka sauka muka shiga wurin jami'an kan iyaka. Na ce ta sunkuyar da kai ta bar ni da magana. Wani jami'i mai tumbi ya karɓi katinmu, ya duba, ya sake dubawa, ya ranƙwafa ya leƙa ƙarƙashin mayafin.

"Sista Kuve! Ah ah! Mami, ke ne? Ku zo, ku zo, wannan shi ne ya karɓi tagwayena!"

Nan take aka kawo kujera, aka kawo lemo mai sanyi, ya kira matarsa a waya don su gaisa. Gaisuwa ta zama bayanin haƙoran tagwaye da ciwon bayan uwarsu. Kafin a ajiye waya wani ya matso da maganar hawan jininsa, wani kuma ya ja ta gefe yana raɗa mata abin da ya shafi amaryarsa. Ta amsa wa kowa, tana murmushi. Ni da ke gefenta na ga ko kurɓa ɗaya ba ta yi wa lemon ba. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin mutanen, alhali ba su yi komai ba sai ƙauna. Na ce musu 'yan mashin suna jiranmu, na ja hannunta muka fita.

Daga nan sai mashin. Tsakaninmu da ɗaya ɓangaren akwai mayo, wato kogi, ruwansa bai wuce gwiwa ba a lokacin, sauran duk yashi ne. Ɗan mashin Kuve ya sauke ta ta taka da ƙafa. Nawa, wani mai baƙin tabarau, ya ce shi ba ya sauke fasinja, a nan aka haife shi. Ni kuma kun san jikina, Allah bai rage ni da komai ba. Muna kaiwa tsakiya tayar baya ta nutse, mashin ya tsaya cak, ya yi tunani, ya kwanta. Na tashi zaune cikin ruwa, ɗankwali ya tafi Kamaru ya riga ni, ina riƙe da ƙullin daddawa a sama. Sai na ji wata irin ƙara daga bakin gaɓa. Kuve ce ta durƙusa tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyar nan na manta. Da na san abin da take bukata ke nan, da tuni na faɗa kwatar Sabon Layi na huta da kuɗin mota.

Jandarman can bai san ta ba, a nan na fara numfashi. Fulatanci yake yi yana haɗawa da Faransanci. Ya tambaye ta sana'arta.

"Atamfa," in ji Kuve.

"Wace iri?"

Ta kalle ni. Na kalli sama.

"Mai... mai fure."

Ya dubi hannunta, ba lalle, ba awarwaro, farce a yanke har nama. Ya dube ni ina ɗigar ruwa. Ya miƙo katin ya ce mini in yi hankali, wannan 'yar koyon za ta karya ni.

A bakin hanya na saya mana burodinsu. A Mubi laushi ake nema, a matsa burodi a ga ya dawo. A can dogo ne kamar muciya, ƙwanƙwasa shi ake yi a ji ƙara, kuma tsirara ake yawo da shi, wani a hammata, wani ɗaure a bayan mashin. Kuve ta yi wa'azi mai tsawo a kan ƙwayoyin cuta da hammatar mutane, sannan ta cinye nata ta ƙarasa nawa.

Muka isa gidan Goggo Dudu da la'asar. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, mai kaifin ido, ba a yi mata musu a gidanta. Ta rungume mu tana yi mana maraba da Fulatanci, "jaɓɓaama, jaɓɓaama," aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa irin tasu wadda sai an tambayi lafiyar kowa har shanu. Muna cikin haka labule ya ɗaga, sai ga Asta, autar Goggo, ta fito da ƙwaryar ruwa. Cikin ne ya fara fitowa, ita ta biyo baya. Ashe ta zo goyon ciki, na fari, haihuwa yau ko gobe. Wallahi ban sani ba. Na ɗauko mace daga ɗakin haihuwa, na tsallaka da ita wata ƙasa, na kawo ta gidan da ake jiran naƙuda.

Na ga Kuve ta gyara zama, idonta yana auna cikin. Na san in na bari aka kwana a haka, gobe ita ce mai duti. Na ja Goggo bayan rumbu na ce mata ƙawata ba ta da cikakkiyar lafiya, hutu na kawo ta. Babban ciwonta tsoron jini. Ko kaza aka yanka a gabanta sai ta sume, maganar haihuwa kuwa ko a kusa da ita kada a yi.

"To ita da ta haifi nata fa?" in ji Goggo.

"A sume ta haife su duka."

Goggo ta tafa hannu ta ce Allah sarki, a bar mata komai a hannunta.

Ban san na ɗauro wa Kuve dutse ba. A gidan Goggo dama baƙo ba ya ɗaga ko tsinke. Mu a Mubi in baƙuwa ta kwana biyu ana nuna mata inda tsintsiya take, su kuwa abin kunya ne a ga baƙonka yana aiki, balle marar lafiya. Kazar da aka yanka mana, a bayan gida aka yanka ta, aka sa ni in ɗauke hankalin Kuve da hira. Da aka gama, ni aka kira ni ɗakin Goggo na ci nama a ɓoye, ita aka kai mata tuwon masara da miyar yakuwa zalla da kunun gyaɗa. Asta kuwa aka hana ta gilmawa ta gabanta, in za ta wuce sai ta bi ta bayan ɗaki. Dole na faɗa wa Kuve abin da na yi.

"Jini, Adda? Duk ƙaryar duniya ba ki samo wata ba sai jini? Ni?"

Na zaro cinyar kaza daga gefen zanena na miƙa mata, don ni ba azzaluma ba ce.

Kwanakin farko abin tausayi ne da ban dariya. Matar nan ba ta iya zama ba. Ta ɗau tsintsiya, a ƙwace. Ta nufi wanke-wanke, a tare ta. Ta kwance kayana ta ninke, ta sake kwancewa ta ninke. Da ta rasa abin yi sai barci ya rufto mata, barcin shekara da shekaru. Ta tashi ta ci tuwo ta koma. Goggo ta riƙa leƙawa tana kara hannu a hancinta ta ji ko da numfashi. Ni na je Garwa na yi sarina na dawo, na tarar da ita inda na bar ta.

Da ta fara warwarewa muka riƙa fita zaga gari. Wata rana da tsakar rana muka biyo ta ɗan asibitin ƙauyen, ɗaki biyu da baranda. Mai kula da shi wata Madam Odil ce, 'yar kudancin ƙasar, ƙatuwa mai yawan dariya. A gabanmu ta ja ƙofa ta datse da kwaɗo, ga mutane zaune a gindin dalbejiya suna jira, ta baje a kan benci ta buɗe kwanon kifi. A can haka suke, rana na take tsaka sai a rufe wurin aiki a je a ci abinci, ba mai jin kunya. Kuve ta tsaya kamar an kafe ta.

"Adda, tambaye ta, waɗannan mutanen fa?"

Madam ta tsotse ƙaya ta ce da gurguwar Fulatancinta, "Na duba su duka kafin in rufe. Ba mai mutuwa kafin in gama kifina. In ma akwai, ga ni nan, ba sama na hau ba." Ta nuna ƙofar da ƙashin kifi. "Wadda na gada ba ta taɓa rufe ƙofar nan ba. Har yau mutanen gari suna yabonta. Tana Garwa tana sayar da gawayi, ko allura ba ta son gani."

Ta tura mana kwanon ta ce bisimilla. A hanyar gida Kuve ta yi ta mita, wai wannan rashin tausayi ne, wai ko rigar aikinta ba ta goge ba. Da muka kusa gida ta ce, "Me ta ce waccan tana sayarwa?" Na ce gawayi.

Naƙudar Asta da hantsi ta zo. Tana shara a can gefe, ta tsaya ta dafa bango, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Kuve ta riga kowa gani daga inda take zaune, ta ce mini, "Yarinyar nan ta fara, kuma ta yi nisa." Na faɗa wa Goggo a matsayin ni na lura. Aka tafi da Asta wurin Madam, Goggo ta kira wasu tsofaffi biyu maƙwabtanta ta damƙa musu amanar baƙuwa. Kuve ta ce ita fa sai ta bi. Da ƙyar aka daidaita a kan za ta zauna a gindin dalbejiyar asibitin, ba za ta matsa ko taku ɗaya ba. Aka shimfiɗa mata tabarma, tsohuwa ɗaya a dama da mafici, ɗaya a hagu da ƙwaryar ruwa, suna jiran ta sume.

Matan danginmu, mu Fulani, ba sa kuka a naƙuda. Abin kunya ne a ji muryarki, ko da ciwon zai raba ki biyu, sai dai ki ciji zane. Kuve ta san haka, ta karɓi haihuwar Fulani ba iyaka, amma a can tana cikin ɗakin, tana ganin fuska, hannunta yana kan ciki. A nan kunne kawai gare ta, kunnen kuma ba ya kawo mata komai. Ɗakin tsit, sai kukan kurciya a kan bishiya.

Ta yunƙura, suka zaunar da ita. Ta sake yunƙurawa, suka riƙe zanenta.

"Ku sake ni! Ni ungozoma ce! Aikina ke nan!"

Tsofaffin suka kalli juna cikin tausayi, mai ƙwarya ta yayyafa mata ruwa a fuska. Da Hausa ba ta yi ba ta koma Fulatanci, daga nan ta koma Turanci tana lissafa musu makarantun da ta yi, ta ƙare da yaren Michika. A nan ne tsofaffin suka tabbata iska ce ta hau ta, ɗaya ta fara tofa mata addu'a a ka.

"Adda Dija! Faɗa musu gaskiya! Cikin fari ne, in wani abu ya faru fa?"

Maganar ta shige ni, don Asta jinina ce. Na tashi na je na tura ƙofar na leƙa. Asta tana cije da zane, gumi yana zuba, Goggo tana riƙe da kanta. Madam ta sa safar hannu, kayan aikinta a jere a kan tire, tana 'yar waƙarta a hanci. Na ce ko tana bukatar taimako, muna da wadda ta san aikin. Ta ce komai daidai yake, kai ya sauko, in akwai matsala ita za ta fara ihu, in fita in ba ta wuri.

Na dawo gindin bishiya. Kuve ta kafe ni da ido, tsofaffin ma suna jira su ji. Na san abin da zan yi zai iya raba ni da ita har abada.

"Ku riƙe ta da kyau," na ce. "Haka take yi in abin ya motsa. Wani lokaci har cewa take ita likita ce."

Kallon da ta yi mini ba zan manta da shi ba. Na matsa kusa na ce mata a hankali da Hausa, "Lafiya lau ake ciki, na gani da idona. Akwai mai yi. Yau ba ke ba ce."

Sai jikinta ya saki. Ta zauna sosai a kan tabarmar, aka ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi ba ta cire ba, ta ajiye hannuwanta a kan cinya tana kallonsu. Mai mafici ta ci gaba da fifita.

Can sai kukan ya fito ta taga, siriri da farko, sannan ya buɗe da ƙarfi.

Kuve ba ta motsa ba. Na ga hawaye yana bin fuskarta yana haɗuwa da ruwan tsumma.

"Ban taɓa jin sa daga waje ba," ta ce. "Kullum in ya zo ina neman almakashi, ina duba jini, ina tunanin ta gado na gaba. Ashe haka yake, Adda. Ashe daɗi gare shi."

Ta miƙe, wannan karon ba wanda ya riƙe ta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta mutanenta na duwatsun Michika, wadda ta sa kurciyoyin suka watse. Tsofaffin suka yi ta hamdala, kowacce tana cewa addu'arta ce ta ci. Ni ma kuka nake, ba na jin kunyar faɗa.

Da ta zauna ta share fuska ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Baban Tizhe ya yi nomansa shi kaɗai. Zan koma. Amma in na tashi na tashi, in na rufe ƙofata na rufe. Ke ma kar ki ƙara leƙo ni ta katanga da ciwon gwiwarki. Kuma ban yafe miki ba tukuna."

Ta kuwa koma, kun gan ta da idonku. Waɗanda suka je ƙofarta ranar hutunta suka ji ta a rufe, su daina zuwa shagona da ƙorafi, ba ni na rufe ba.

A ranar dai, sai da yamma aka dawo da mai jego gida. Goggo ta ce tunda baƙuwa ta yi jarumta haka, za a bari ta ga jaririn, amma sai an wanke shi tas an duba ko'ina ba ɗigon jini. Aka zaunar da Kuve a tsakiyar tabarma, tsofaffin nan biyu suka tsaya a bayanta don su tare ta in ta tafi luu. Goggo ta fito da yaron naɗe a zane, ta tsaya a kanta.

"Miƙe ƙafafunki. Kar ki ji tsoro, ba ya cizo. Ɗanyen jariri ba a ɗaukarsa yadda aka ga dama, wuyansa bai yi ƙwari ba. Wannan hannun a ƙarƙashin kai, wannan a nan. Kin gane, ko in sake?"

Kuve ta ɗago ta kalle ni. Na mai da hankalina kan rufin rumbu. Sai ta miƙa hannu biyu ta ce, "Sake nuna mini, Goggo."